Kwalbar Ruwan Rissa

Idan mai ƙishi ya miƙo maka hannu, ka san ruwan da za ka ba shi zai iya kashe shi, shi ma ya sani, amma bai janye hannun ba, me ya kamata ka yi? Na kai tambayar nan gaban malamai biyu. Na farko ya ce shayar da mai ƙishi yana cikin manyan ayyukan lada. Na biyu ya ce bai halatta ka taya mutum halaka kansa ba. Da na gaya wa kowannensu abin da ɗayan ya faɗa, sai ya ce ai shi ma yana da gaskiya. Na dawo gida da tambayata yadda na fita da ita.

Mai ƙishin abokina ne, Rissa, makiyayi daga kwarin Tarka, mai raƙuma da awaki. Ni sunana Lawali, hatsi nake nomawa a wani gari na bakin kwalta a ƙasar Ollelewa. Tun zamanin iyayenmu, in an gama girbi dabbobinsu ke sauka a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Yana ce mini Bahaushe, ina ce masa Buzu. Ranar da ya kira ni da sunana, na san akwai magana.

Rissa yana da rijiya wadda mahaifinsa ya haƙa. Mai zurfi ce, raƙumi ke jan gugarta, sai ya yi nisa da igiya kafin ruwa ya leƙo. Dokar rijiyar ɗaya ce: ba a mayar da kowa. Bafillace ko Bahaushe ko ɓataccen matafiyi, mutum ya fara sha, sannan dabbarsa, sannan a tambayi sunansa in an tuna.

Ciwon bai yi sallama ba da ya shigo. Shekarun baya wani majo, wato ma'aikacin jinya, a likitar Belbeji ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce kullum, har iyakar rai. Rissa ya sha har ciwon kai ya tafi, ya adana sauran a jakar fata ko Allah zai kawo baƙo mai ciwon kai. Bayansa kuma yana ciwo kamar bayan duk mai ɗaga guga, don haka duk ranar kasuwa yakan sayi ƙwayoyin ciwon jiki wurin masu tebur, ya kora su bibbiyu da shayi. Daga baya fitsarinsa ya soma kumfa. Ya gaya mini yana dariya, ya ce ga alama cikinsa ya koyi haɗa sabulu. Bayan wasu damuna takalminsa ya ƙi shiga ƙafarsa. Fuskarsa ma takan kwana a kumbure, amma mutumin da rawani ya rufe masa komai sai ido, wa zai gani? Nama ya daina yi masa daɗi, ya ce bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake. Jikinsa ya kama ƙaiƙayi. Ranar da ya kasa hawa raƙumin da ya durƙusa masa, matarsa Raishatu ta aiko mini.

A babban asibitin Damagaram aka ɗebi jininsa. Lokotoro ya ce ƙodarsa duka biyu sun gaji, abin da ya rage a cikinsu kaɗan ne. Ya ce ƙoda ba ta ƙorafi da wuri, tana aiki shiru tana lalacewa shiru, kuma abin da ya mutu a cikinta ba ya dawowa. Da an riƙe maganin hawan jini, an bar ƙwayoyin kasuwa, an rage gishiri, da an ja shekaru. Yanzu sai wankin ƙoda: inji ya ja jinin, ya tace, ya mayar, sau biyu a mako. Akwai dashe, amma sai an fita ƙasar waje.

"Wanki nawa kafin a warke?" in ji Rissa.

"Ba a warkewa, Baba. Ana dai rayuwa."

"To, irin rijiya ce. Kullum sai an ja."

Daga Tarka zuwa Damagaram sau biyu a mako ba tafiyar mai lafiya ba ce ma. Gidana kuwa mota tana tsayawa a ƙofarsa. Suka bar dabbobi a hannun 'ya'yansu suka tare a wurina. Na share musu ɗaki. Raishatu ta leƙa, ta ce ɗakin ƙasa kabari ne da aka yi wa ƙofa, ta kafa bukkarta ta tabarmi a tsakar gidana, kusa da turken awaki.

Mai kula da ɗakin wanki wata ma'aikaciyar jinya ce, Radiya, gajeriya mai babbar murya. Ranar farko ta ɗora Rissa a sikeli, ta dube shi.

"Baba, fitsari nawa kake yi a yini?"

Rissa ya dube ni. A wurinsu ba a yi wa namiji wannan tambaya, balle mace ta yi ta, balle a gaban matarsa.

"Ya ce kaɗan," na ce.

"Ni ban ji ya ce komai ba."

"Da ido ya faɗa."

Ta ɗauko wata kwalbar roba, ƙarama, wadda yaro zai shanye a tsaye. Ta ce wannan shi ne ruwansa na yini guda. Shayi a ciki yake, nono a ciki, fura da kunu da romo duk a ciki. Gishiri kaɗan, kanwa kuwa ko a ido. Ta ce ruwan da ya shiga jikinsa yanzu ba shi da ƙofar fita sai ranar inji. Zai zauna a ƙafa, in ƙafa ta cika ya hau ciki, in ciki ya cika ya hau huhu, mutum ya nutse yana zaune a kan tabarmarsa. Sai ta miƙa wa Raishatu kwalbar.

Raishatu ta mayar da hannuwanta baya.

"Uwa, karɓi mana. Ke za ki dinga auna masa."

"Ba ni ba."

"To wa? Ba ke ce matarsa ba?"

"Ni ce. In ya ce ruwa zan ba shi ruwa. Ki nemi wani ya hana."

Radiya ta juyo da kwalbar wajena. Na karɓa, don ban ga wani a bayana ba.

Matata Asibi ce ta gaya mini dalili daga baya, wajen daka suka yi zancen. A wata shekarar fari, Raishatu tana yarinya, danginta suka isa wata rijiya, masu ita suka ce ruwan bai ishi dabbobinsu ba. Ƙaninta yana goye a bayan uwarsu. Bai kai rijiya ta gaba ba. Da ta girma masu nemanta sun yi yawa, wasu sun fi Rissa raƙuma. Ta zaɓi mai rijiyar da ba a mayar da kowa.

Na zama mai kwalba. Da safe in cika, in rataye ta a wuyana cikin jakar carbi, in tsiyaya masa a finjali kaɗan-kaɗan. Na tuna shi da kansa ya taɓa gaya mini cewa in tafiya ta yi tsawo tsakanin rijiya da rijiya, sukan sa tsakuwa a baki don yawu ya taru. Na samo mai santsi, na wanke, na kai masa. Ya juya ta a tafin hannu ya mayar mini.

"Bahaushe, tsakuwa ta wanda ke da rijiya a gabansa ce. Ni ina rijiyar da ke gabana?"

Na dubi tsakuwar a hannuna. Na ajiye ta a bakin bukka.

Cikin 'yan makonni Rissa ya zama mutum mai yawan ibada. Kowace salla sai ya sabunta alwala, kuma nafila ta ƙaru ƙwarai. Na lura yana kuskure baki sau uku, amma ban ga yana tofarwa ba ko sau ɗaya. Na ɗauke butar, na ce tun da rashin lafiya ne ya yi taimama. Ya ce ashe Bahaushen ya zama limami. Butar ma ba ita ce babbar ƙofa ba. In ƙishi ya kai masa wuya, sai ya juya wajen bukka ya ce, "Aman," wato ruwa da harshensu. Raishatu ta tashi, ta ɗebo a randa, ta kawo. Ba ta ɓoyewa. A gabana take wucewa da moɗar, har ta ce mini sannu da hutawa.

Sikeli kuwa ba ya karɓar uzuri. Duk ranar wanki Radiya takan dubi lambar ta dube ni.

"Malam Lawali, ba kai ne mai kwalba ba?"

"Kwalbar tana hannuna, ranki ya daɗe. Mutumin ne ba ya hannuna."

Wata rana na tsare Raishatu tana tatsar akuya.

"Uwargida, kin ji abin da matar nan ta ce. Ruwan nan kashe shi zai yi."

"Na ji."

"To?"

"Kai aikinka ka hana, ni aikina in ba shi. Allah yana ganin mu duka."

"In ya mutu fa?"

"Ba zai mutu yana kiran ruwa ina zaune ba."

Ta ci gaba da tatsa. Ranar ce na fara zuwa wurin malamai.

Da bazara ta kama, zafi ya kai inda ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, sai ga Husaini, ƙanin mahaifin Rissa, ya sauko daga arewa dubiya. Tsoho ne dogo, ya yi kiwon raƙuma tun kafin a shimfiɗa kwaltar nan, kuma babu raƙumin da ya taɓa mutuwa a hannunsa bai san dalili ba. Ya danna yatsa a ƙafar Rissa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya gyaɗa kai.

"Na san wannan. Cikinsa ne ya toshe. Raƙumi in ya yi haka, ruwan kanwa ake kai shi, ya sha ya ƙoshi, cikin ya wanke, ya tashi. Ku kun ɗauki mutum kun hana shi ruwa, kuna jira ya wanke da me? Da iska?"

Na ce masa lokotoro ya hana kanwa.

"Lokotoron raƙumi nawa gare shi?"

"Ban tambaya ba, Baba."

"To ka tambaya."

Ya kwance ƙullin da ya zo da shi: jar kanwa ce, zaɓaɓɓiya, ya ɗauko ta tun daga nesa saboda ɗan wansa. Ba mugunta ta kawo shi ba, wannan na tabbata. Shi ya sa abin ya fi wuya.

Washegari na tafi sharar gona da kwalbar a wuyana, ina ganin na yi dabara. Da na dawo na tarar da akushi a kife, da guntun jar kanwa a gefensa, da butar shayi a kan gawayi. A wurinsu shayi zagaye uku ne, wanda ya karɓi na farko ba ya ƙin na biyu, kuma sun dafa ba sau ɗaya ba. Rissa yana kishingiɗe, idonsa yana haske.

"Bahaushe, yau na sha ruwa irin na mutane."

Da hantsin washegari ya kasa kwanciya. Ya zauna ya dafa ƙasa da hannu biyu, numfashinsa yana ƙara kamar buta ta kusa tafasa. Sai ya kai hannu ya fizge rawanin daga fuskarsa. Tun muna samari nake tare da mutumin nan, ban taɓa ganin bakinsa ba sai ranar. Yana da wushirya. Leɓensa ya yi toka-toka.

"Lawali," ya ce.

Na tare mota a kwalta. Ba ranar wankinsa ba ce, amma da Radiya ta gan shi ba ta tsaya sikeli ba. Suka sa masa iska a hanci, suka soka allurai a hannun da aka haɗa masa jijiya, jini ya bi tiyo ya shiga inji. Ni da Raishatu muka zauna a baranda.

An jima Radiya ta fito. Ta ɗauki wani bido, wato jarkar roba, ta tara a famfo, ta kinkimo shi ta dire a cinyar Raishatu.

"Uwa, riƙe."

"Mene ne wannan?"

"Abin da za mu cire daga jikin mijinki yau. Wannan na famfo ne, amma nauyin ɗaya. Shi a ƙirji yake ɗauke da nasa. Ki riƙe har mu gama." Ta juyo wajena. "Kanwar nan kaɗai ta isa ta tsayar da zuciya. Ya tsallake yau. Zuciyarsa ba za ta ɗauki irin wannan sau biyu ba. Ban iya faɗa da Buzanci ba, kai ka fassara."

"Ta ji Hausa," na ce.

Raishatu ta rungume bidon. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ban ga ta sauke shi ba, sai dai ta gyara zama in ƙafa ta yi tsami. Da aka fito da Rissa, ya rame kamar an tatse shi, yana numfashi kamar kowa, Radiya ta ce ta iya zubarwa yanzu.

"Ruwa mai kyau ne," in ji Raishatu. "Ba a zubarwa."

Ta shiga mota da shi.

Husaini bai tafi ba. Ba a ce wa tsoho baƙo ya tafi, kuma a ganinsa maganin ya fara aiki ne muka katse shi: ai raƙumi ma sai ya galabaita kafin ya miƙe. Na ɓoye kanwar a rumbu. Ashe da saura a aljihunsa.

Bayan kwana kaɗan, da tsakar rana, muna zaune a inuwar bishiyar bedin ƙofar gida. Iska ba ta motsi. Kwalbar Rissa ta ƙare tun hantsi, ya lashe finjali har ya bushe. Harshensa yana manne da dasashi, in ya yi magana sai ka ji yana ɓanɓarewa. Husaini ya tashi ya shiga zaure, ya fito da akushi cike, ruwan ya yi ja-ja. Ya durƙusa a gaban ɗan wansa.

"Sha, ɗana. Ubanka bai taɓa hana kowa ba, ba za a hana ka ina raye ba."

Rissa ya dubi akushin. Ya dube ni. Ya san abin da ke ciki, ya san abin da ya same shi rannan, ya san injin. Ya miƙa hannu biyu.

Gidana ne, kwalbar tana wuyana, taku ɗaya ne tsakanina da su. Amma tsoho ne, baƙona ne, ɗansa yake shayarwa, kuma mai sha ba yaro ba ne, da hankalinsa ya miƙa hannu. Malami na farko ya tsaya a kunnena na dama, na biyu a na hagu. Ina nan ina auna su, akushin ya shige ƙarƙashin rawani.

Ban ji tahowarta ba. Tun da ta zo gidana Raishatu ba ta taɓa fitowa wurin zaman maza ba, saboda ta ga matan garinmu ba sa yi. Ta ratsa tsakanina da Husaini, ta sunkuya, ta sa hannu ƙarƙashin rawanin mijinta ta zaro akushin. Ruwa kaɗan ya zuba a rigarsa.

"Ke!" in ji Husaini. "Mijinki ne ke jin ƙishi."

"Na sani, Baba."

"'Yar gidan wa ce ke?"

"Ka san gidanmu."

Rissa ya ɗago ido ya dube ta.

"Aman," ya ce, a hankali.

Ta tsaya.

"Babu," ta ce.

Ta shiga gida. Muna ji ta juye shi a komin awaki, awakin suka taso da gudu, don su kanwa ba ta yi musu komai sai alheri. Ta dawo da wani abu a dunƙule a hannu, ta durƙusa, ta buɗe. Tsakuwar nan ce da na bari a bakin bukka, ta wanke ta.

"Talata akwai inji," ta ce masa da Hausa, don kowa ya ji. "Ita ce rijiyar da ke gabanka."

Rissa ya daɗe yana kallon tsakuwar.

"Bahaushe, ka ga abin da zama a gidanku ya jawo mini?"

"Na gani, Buzu."

Ya ɗauka, ya tura ta ƙarƙashin rawani. Muka ji ta ƙwanƙwasa haƙori.

Husaini ya kakkaɓe rigarsa ya ce zai je ya duba raƙuminsa. Raishatu ba ta bi shi da ido ba. Ta juyo wajena, ta miƙo hannu.

"Lawali, ba ni kwalbar."

Na cire ta daga wuyana na ba ta.